Yadda Ake Zaɓen Gadar Rediyo Tsakanin Gine-ginen Makaranta ko Asibiti

An jawo intanet zuwa ginin ofishin shugaban makaranta, an biya kuɗi, yana aiki lafiya lau. Sai ga ɗakin karatu yana can mita 400, ɗakin kwanan ɗalibai yana ƙetaren titi, ga kuma kyamarorin tsaro da aka kafa a babbar ƙofa waɗanda ake so a riƙa kallonsu daga ofis. Wayar intanet ta jan ƙarfe ba ta wuce mita 100, haka aka ƙayyade mata. A nan ne ake neman abin da nake kira gadar rediyo: na'urori biyu, ɗaya a kan wannan gini, ɗaya a kan wancan, suna kallon juna, saƙo na bi ta iska tamkar an shimfiɗa waya a tsakaninsu.

Yawancin gadojin da aka kira ni gyara, a kasuwa aka fara aikinsu. An je shago, an ga kwali mai rubutun kilomita 15 da megabit 450, an saya, sannan aka dawo ana neman inda za a maƙala. Shi ya sa a wannan bayani kasuwa sai can kusa da ƙarshe za ta zo.

Da farko, ka tabbata rediyon kake buƙata

Idan filin duka na makarantar ne, ƙasa ce zalla babu kwalta, kuma za a iya haƙa rami a binne bututu, to wayar faiba ta fi kowace rediyo. Gilashi ce, tsawa ba ta bi ta cikinta, ruwan sama bai dame ta ba, kuma wadda ta ɗauki gigabit ɗaya yau za ta ɗauki goma gobe idan aka canza 'yan na'urorin da ke bakinta biyu. Rediyo tana da amfani ne inda titin gwamnati ko filin wani ya raba gine-ginen, inda ginin na haya ne, inda aka shimfiɗe harabar da siminti, ko inda ake so aiki ya tashi cikin mako guda.

Abu ɗaya dai kada ka yarda da shi ko da mai kuɗin ya matsa: rataya wayar jan ƙarfe a sama daga gini zuwa gini. Tsawa ba sai ta faɗo a kan wayar ba, faɗuwa kusa ma ta isa ta turo wuta ta cinye suwic ɗin ɓangarorin biyu, wato akwatin da wayoyin intanet ke haɗuwa a cikinsa.

Mataki na ɗaya: lissafa abin da zai bi ta kan gadar

Ka ɗauki takarda ka zauna da wanda ya san aikin ginin da za a kai wa. Kwamfuta nawa, wayoyin hannu nawa a lokacin cunkoso, kyamara nawa, kuma ina na'urar da ke naɗar hotunansu take? Wannan tambaya ta ƙarshe ita ake yawan mantawa. Kyamara ɗaya mai hoton 1080p tana cin kamar megabit 2 zuwa 4 a kowace daƙiƙa, dare da rana, ba hutu. Kyamara 16 ke nan sun kai megabit 64, kuma duk hanya ɗaya suke bi, daga ƙofa zuwa ofis. Masu shiga intanet kuwa akasin haka suke, sun fi jawowa a kan turawa, kuma ba lokaci guda suke yi ba.

Ka kuma raba tsakanin abin da ke fita intanet da abin da ke yawo cikin gida. Idan duk abin da makarantar take saya daga kamfani megabit 50 ne, kuma ɗakin kwanan ɗalibai intanet kaɗai yake so, gadar gigabit ba za ta ƙara musu komai ba. Amma idan asibiti ne da ke tura hotunan ɗakin hoto zuwa sabar, wato babbar kwamfutar ajiya, da ke wani gini, ko ɗakin jarrabawa ta kwamfuta da ke jawo tambayoyi daga babban ofis, to gudun cikin gida shi ne magana. Abin da ka samu, ka ninka shi biyu. Gini ba ya zama yadda ka same shi, baɗi za a ƙara kyamarori.

Sai maganar lambar da ke jikin kwali. Idan ka ga 867 Mbps, wato megabit 867 a daƙiƙa, wannan gudun iska ne a tasha mafi faɗi, cikin yanayin da babu hayaniyar kowa. Na'urorin zangon 5 GHz (zango shi ne mitar da rediyon ke aiki a kai, ana auna ta da GHz) da yawa ba sa magana da saurare lokaci guda, karɓa-karɓa suke yi, don haka lambar jimlar tafiya da dawowa ce. Abin da zai iso hannunka bai cika wuce rabi zuwa biyu bisa uku na abin da allon na'urar ya nuna ba. Ka kuma duba ramin wayar na'urar. Akwai masu araha da ake samu ko'ina, irin su TP-Link CPE510, NanoStation M5 da MikroTik LHG 5, waɗanda raminsu na megabit 100 ne. Suna aiki da kyau a inda buƙata ba ta da yawa, amma komai kyan sigina ba za su ba ka fiye da casa'in da 'yan kai ba.

Mataki na biyu: hau sama ka gani da idonka

Gani ya kori ji. Kafin ka hau, ka buɗe Google Earth ka ja layi tsakanin gine-ginen biyu don sanin ainihin nisa, domin "ai ba nisa, nan da can ne" ba ya shiga lissafi. Kamfanin Ubiquiti yana da shafin tsara gada kyauta, Cambium kuma yana da LINKPlanner, dukansu suna nuna tudu da kwarin da ke kan hanya. Amma taswira ba ta san an dasa darbejiya shekara shida da suka wuce ba, ba ta san maƙwabci ya ɗora bene ba. Don haka kai ka hau wannan rufin, abokin aikinka ya hau wancan. Ya riƙe madubi yana haska maka rana, ko ya ɗaga jan ƙyalle a kan gora daidai tsayin da za a kafa na'urar. Lokacin hunturu da hazo ya rufe gari, fitila mai ƙarfi bayan magariba ta fi madubi.

Ganin juna kaɗai bai isa ba, kuma nan ne nake so a tsaya a fahimta. Siginar rediyo ba kamar zare take tafiya ba. Tana buƙatar fili a kewayen layin, fili mai siffar ƙwallon dabino: siriri a bakin na'urorin biyu, mai kumburi a tsakiya. Ana kiransa yankin Fresnel, sunan wani masanin kimiyya Bafaranshe. Duk abin da ya kutso cikin wannan fili, reshe ne ko kan rufi ko tankin ruwa, yana rage ƙarfin siginar ko da kana hango ɗaya na'urar tas. Ƙa'idar aiki ita ce aƙalla kashi 60 cikin ɗari na filin ya zama babu komai.

Lissafin ba shi da wuya. Ka raba nisa a kilomita da zango a GHz, ka ɗauki tushen murabba'in abin da ya fito, ka ninka da 8.66. Amsar ita ce tazara a mita daga tsakiyar layin zuwa gefen filin, a daidai rabin hanya. Gada mai kilomita ɗaya a 5.8 GHz tana ba da mita 3.6, kashi 60 ɗinsa kuwa kamar mita 2.2. Wato bishiyar da ke tsakiyar hanya, dole kanta ya kasance ƙasa da layin da fiye da mita biyu. A mita 500 kana buƙatar kamar mita ɗaya da rabi. A 2.4 GHz filin ya fi kumbura, kilomita ɗaya na neman mita 3.4. A 60 GHz kuwa siriri ne ƙwarai, a gadar mita 300 tazarar daga layin zuwa gefen filin kamar santimita 60 ce kawai, shi ya sa take iya ratsawa tsakanin gine-gine biyu inda 5 GHz za ta sha wahala.

Bishiya ita ce babbar matsalar harabar makarantunmu. Na taɓa kafa gada a wata makarantar kwana a watan Fabrairu, nisan mita 700, daga ofis zuwa gidajen malamai. Akwai wata tsohuwar kuka a gefen layin, rassanta tsirara babu ganye ko ɗaya, ina hango farantin ɗaya ɓangaren ta tsakaninsu. Sigina ta tsaya a −54 dBm (ma'aunin ƙarfin sigina ke nan, lambar da ta fi kusa da sifili ta fi ƙarfi), aka yi murna aka sallame ni. Ana shiga Yuli aka kira ni cewa intanet yana yankewa, musamman bayan an ɗauke ruwa. Da na hau rufin sai na ga kukar ta yi kore shar, ta rufe rabin hanyar, siginar ta koma −76, in ganyen ya jiƙe kuma ta ƙara faɗuwa. Dattawan wurin ba za su yarda a taɓa kukar ba, kuma suna da gaskiya, ta girmi makarantar. Sai da muka mayar da na'urar kan ƙarfen tankin ruwa, muka sake jan waya. Tun daga ranar, duk bishiyar da na gani a kan hanya nakan tambayi kaina yadda za ta kasance a watan Agusta. Gawo shi kuma akasin haka yake yi, da damina yake zubar da ganye, da rani ya cika, don haka wanda ya auna hanya a Agusta ya ga gawo tsirara, Janairu na jiransa. Darbejiya, mangwaro da bishiyar turare kuwa ba sa tsayawa, kowace shekara ƙara tsawo suke, sai ka bar musu ƙarin mita biyu ko uku.

Ka kula da rufin kwano ma. Na'urar da aka kafa a tsakiyar faffaɗan rufi, ƙasa-ƙasa, siginarta takan bugi kwanon ta dawo ta yi karo da kanta. Ka kai ta bakin rufin da ke fuskantar ɗaya ginin, ko ka ɗaga ta sosai. Sannan ka tambayi shugaban wurin ko akwai ginin da ake shirin yi a tsakani.

Mataki na uku: zaɓen zango

Zangon 2.4 GHz ka bar shi. Tashoshi uku kacal ne a cikinsa da ba sa hawa kan juna, kuma kowace waya da aka kunna wa rabon intanet, kowace ƙaramar rawuta mai raba Wi-Fi a ɗakin malami, a nan take ihu.

Zangon 5 GHz shi ne jakin aikin. Ruwan sama bai cika rage shi ba, ƙurar hunturu ba ta hana shi tafiya, yana kai kilomitoci, kayansa sun fi sauƙin samu da sauƙin kuɗi. Matsalarsa cunkoso. A tsakiyar Kano ko Kaduna ko Yamai, kamfanonin intanet, bankuna da otal-otal duk a cikinsa suke. Kafin ka yanke shawara, ka ari na'ura ɗaya ka hau da ita rufin, ka kunna ma'aunin hayaniyar da ke cikinta (a kayan Ubiquiti sunansa airView), ka juya ta inda za ta kalla, ka bar ta minti goma sha biyar. Za ka ga tashoshin da suka cika da waɗanda suke shiru. Ka yi haka a duka ɓangarorin biyu, domin abin da wannan rufi yake ji ba shi wancan yake ji ba.

Zangon 60 GHz shi ne na gajeriyar tafiya mai gudun gigabit. Iskar oksijin tana shanye shi, kamar dB 15 a kowace kilomita (da dB ake auna raguwa ko ƙaruwar ƙarfin sigina), ruwan sama mai ƙarfi kuma yana iya ƙara kwatankwacin haka ko fiye. Wannan rauni shi ne kuma amfaninsa: siginar maƙwabci ba ta isowa gare ka, taka ba ta isa gare shi, don haka babu hayaniya. A mita 200 ko 300 asarar kaɗan ce, gadar tana tsayawa daram kamar waya. MikroTik yana da Wireless Wire, na'urori biyu da suke zuwa a haɗe tun daga kamfani, na kamar mita 200, da mai faranti da aka rubuta wa mita 1500. Ubiquiti yana da UniFi Building Bridge na mita 500. Ni dai a ƙasar da hadarin Agusta ke zubo ruwa kamar da bakin ƙwarya, ba na kai 60 GHz iyakar abin da aka rubuta mata. Nakan tsaya wajen rabi ko biyu bisa uku, kuma nakan zaɓi mai rediyon 5 GHz a ciki wadda ke karɓar aiki da kanta idan ruwa ya yanke babbar, kamar Building Bridge ɗin ko Cube 60Pro ac na MikroTik. Gudu zai ragu na 'yan mintoci, amma likita ba zai rasa fayil ɗin mara lafiya ba.

Saboda haka, idan nisa bai kai mita 500 ba, hanya a buɗe take, kuma kana son fiye da megabit 200, ka ɗauki 60 GHz mai madadin 5 GHz. Idan nisa ya fi haka, ko buƙatar ba ta wuce megabit 100 zuwa 200 ba, 5 GHz mai ramin gigabit ta wadatar. Akwai zangunan da ake biyan lasisi kamar 11, 18 da 23 GHz, waɗanda kamfanonin waya ke amfani da su tsakanin ƙarafan sabis, amma kuɗinsu da takardunsu sun fi ƙarfin ƙaramar haraba.

Iska tana da hukuma. A Najeriya NCC ce ke raba zanguna da amincewa da na'urori, a Nijar kuma ARCEP. Ba duk ɓangarorin 5 GHz ne ake shiga kyauta ba, don haka ka duba ƙa'idar ƙasarka, ka saita sunan ƙasar daidai a cikin na'urar. Idan kuma dogon ƙarfe za ka kafa kusa da filin jirgin sama a Najeriya, akwai izinin tsawo da ake nema daga NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama.

Mataki na huɗu: girman eriya, da lissafin sigina

Ana auna ƙarfin tattarawar eriya da dBi. Mai lamba babba tana matse siginar wuri guda kamar tocila mai kaifin haske, mai lamba ƙarama tana baza ta kamar fitilar ƙwai. NanoStation 5AC Loco tana da 13, NanoBeam 5AC 19, LiteBeam 5AC da TP-Link CPE710 23, PowerBeam 5AC da Cambium Force 300-25 kuma 25. Mutane sukan ɗauka babban faranti na nesa ne kawai. Amfaninsa na biyu shi ne kunnensa ma a matse yake, ba ya jin hayaniyar da ke zuwa daga gefe. A cikin gari mai cunkoso, ko a mita 500 nakan fi son 19 ko 23 a kan 13.

Ga yadda za ka san siginar da za ka samu tun kafin ka sayi komai. Asarar hanya a dB ita ce 92.45, a ƙara 20 sau log na zango a GHz, a ƙara 20 sau log na nisa a kilomita. Kalkuletar wayarka za ta yi. A 5.8 GHz kilomita ɗaya na cin dB 108, mita 600 na cin 103, kuma duk ninka nisa biyu ƙarin dB 6 ne. Sai ka haɗa ƙarfin turawa da eriyoyin biyu, ka cire asarar. Misali gadar mita 600 da NanoBeam biyu, an saita ƙarfin turawa a 10 dBm: 10 da 19 da 19 sun zama 48, a cire 103, saura −55 dBm. Lambobin nan na ƙasa da sifili ne, don haka −55 ta fi −70 ƙarfi nesa ba kusa ba, kowane dB 3 rabin ƙarfi ne.

Abin da ake nema shi ne tsakanin −50 da −60. Ƙasa da −70 gudu ya fara zubewa. Sama da −40 kuma ya yi yawa, kamar mai yi maka ihu a cikin kunne, kana jin ƙara amma ba ka gane magana. Kuskuren da na fi gani shi ne a bar ƙarfin turawa a ƙarshensa a gadar mita 200, sannan a yi mamakin yadda take tsinkewa. Ka rage shi. Ka kuma duba tazarar da ke tsakanin siginarka da hayaniyar wurin, ana son dB 25 zuwa 30 ko fiye kafin na'urar ta yi cikakken gudunta.

Faɗin tasha ma zaɓi ne. Akwai 20, 40 da 80 MHz. Mai faɗi ta fi gudu amma ta fi kwasar hayaniya. Ka fara da 40, idan gari ya cika ka koma 20. Tashar 20 mai tsabta ta fi ta 80 mai datti.

Idan gine-ginen sun fi biyu

Ka nemi wuri ɗaya mai tsawo da ke ganin kowa, sau da yawa ƙarfen tankin ruwa ne ko saman bene mafi tsawo, kowane gini ya kalli can. Kada ka jera su kamar carbi, wannan ya ba wancan, wancan ya ba na gaba, domin ranar da wuta ta ɗauke a gini na biyu duk na bayansa sun mutu. Gine-gine uku ko huɗu masu ƙaramar buƙata da ke gefe guda za su iya raba eriya ɗaya mai faɗin gani. Gini mai kyamarori da yawa ka ba shi gadarsa shi kaɗai. Na'urorin da ke kan ƙarfe ɗaya kuma ka raba su da mita ɗaya ko biyu, kowacce da tasharta mai nisa da ta 'yar'uwarta.

Mataki na biyar: wuta, waya, tsawa da zafi

Na'urorin nan ta cikin wayar intanet ɗin suke samun wuta, abin da ake kira PoE, kuma iri biyu ne. Akwai na ƙa'ida, 802.3af da 802.3at, mai kusan bolt 48, wanda sai ya tambayi na'ura kafin ya sakar mata wuta. Akwai kuma wanda ba ya tambaya, kamar mai bolt 24 da yawancin kayan airMAX na Ubiquiti ke amfani da shi. Idan ka soka na'urar bolt 24 a adaftar 48 marar tambaya, ta ƙone nan take. Ka rubuta wa kowace adafta sunan na'urarta da alƙalamin maka.

Cin wutarsu kaɗan ne, wat 7 zuwa 10 ga ƙananan. Rediyo da ƙaramin suwic da na'urar Wi-Fi ɗaya ba su cika wuce wat 30 ba, awa 12 na dare ke nan wat-awa 360. Batir mai bolt 12 da 100Ah yana riƙe 1200, kuma idan na ruwa ne rabi ake ci don ya daɗe. Batir ɗaya da faifan sola sun ishi gini. Amma fa duka ɓangarorin biyu ake yi wa, domin janareta a ofis ba ya amfanar gadar da ɗaya ƙafarta ke cikin duhu.

A wajen waya, araha ba ta ado. Akwai wadda cikinta alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe, ana rubuta mata CCA in an yi gaskiya. Ka kankare silin ɗaya da wuƙa, in ka ga fari a ciki ka ajiye ta. Wuta tana raguwa a cikinta, sai na'ura ta riƙa mutuwa tana tashi da tsakar rana. Ka sayi ta jan ƙarfe zalla, baƙa ta waje mai jure rana, mai rufin ƙarfe a ciki da silin ƙasa. Farar wayar cikin ɗaki rana takan farfasa ta, ruwa ya bi ta ciki har ya sauko cikin adafta. Kafin waya ta shiga bango ka lanƙwasa ta ƙasa kamar ƙugiya don ruwan ya ɗiga a waje.

Ka sa makarin tsawa guda biyu a kowace waya, ɗaya kusa da rediyon, ɗaya inda wayar ta shiga gini, kuma ka haɗa su da wayar ƙasa ta gaske, in ba haka ba ado ne kawai. Ƙasarmu takan bushe ƙamas da rani, sandar da aka kafa a busasshen yashi ba ta aikin kirki, don haka a zurfafa ta a wuri mai laima, kuma a haɗa ta da wayar ƙasar ginin. Kada rediyon ya zama shi ne mafi tsawo a kan ƙarfen, sandar tsawa ta fi shi.

Rediyon kansa an gina shi ya jure zafi har digiri 70 a yawancin kayan Ubiquiti. Adafta da suwic su ne ba sa jurewa, wasunsu iyakarsu 40. A Sakkwato ko Maiduguri cikin Afrilu, inuwa ma tana wuce haka, balle cikin silin ƙarƙashin kwano. Ka sauko da su cikin ɗaki mai iska.

Sai turken da za a ɗaura. Iskar farkon damina ita ce mai gwada aiki. Siririn bututu mai tsawon mita shida ba tare da wayoyin ɗauri ba zai riƙa rangaji, kuma farantin 60 GHz da ya goce da digiri ɗaya ko biyu ya rasa abokinsa. Bututu mai kauri, gajere gwargwadon yadda hanya ta yarda, a ɗaure shi a jikin bango wuri biyu. Mai hawa ya sa bel, ya nisanci wayar wuta, kuma ba a hawa in hadari ya haɗo.

Mataki na shida: yanzu ka je kasuwa

Da takardarka a hannu: nisa, gudun da ake so, zango, dBi, irin PoE. Ko a Computer Village ta Ikeja za ka saya, ko Banex a Abuja, ko wajen dila a garinku, ka sayi na'urorin biyu iri ɗaya daga kamfani ɗaya, domin tsarin airMAX na Ubiquiti da Nv2 na MikroTik ba sa jin yaren juna. Ka buɗe kwalin a shagon ka kunna. Idan aljihu ya yarda ka ƙara ta uku da adafta ɗaya a ajiye, ranar da tsawa ta ci ɗaya za a gyara cikin awa guda maimakon jiran saƙo daga Legas.

Mataki na bakwai: saiti a ƙasa, daidaitawa a sama

Ka haɗa su a kan tebur tukuna, da ƙarfin turawa a mafi ƙanƙanta. Sabuwar airMAX tana amsawa a 192.168.1.20, MikroTik kuma a 192.168.88.1. Abu na farko ka canza kalmar sirrin da ta zo da ita, ka sabunta manhajar cikinta. Ta ɓangaren ofis ita ce uwa, a allon za ka ga Access Point, ɗayar kuma Station. Ka zaɓi Bridge don gadar ta zama kamar waya, ta wuce da VLAN ɗinka, wato rabe-raben layin cikin gida, ba tare da ta taɓa su ba. Ka kulle ta da WPA2-AES ko abin da ya fi shi, ka ba kowacce adireshi tsayayye a layin da ɗalibai ba sa iya kaiwa. Ka kafe tasha ɗaya da hannunka, wadda ma'aunin hayaniya ya nuna shiru. Tashoshin da aka yi wa alamar DFS ana raba su da na'urorin hangen jirage da na yanayi, idan rediyon ya ji su sai ya bar tashar ya yi shiru na minti ɗaya ko fiye, don haka kusa da filin jirgi ka kauce musu.

A sama, mutum ɗaya ne ke motsa tasa a lokaci guda, kuna magana ta waya. Ka juya hagu da dama a hankali har ka wuce inda siginar ta fi ƙarfi, ka dawo, sannan sama da ƙasa, sannan abokinka ya yi nasa. Eriya tana da ƙananan haske a gefen babban, kuma yana da sauƙi mutum ya tsaya a kan ƙarami ya zaci ya gama. Nan lissafinka zai yi maka amfani: idan takarda ta ce −55 kana ganin −66, ba ka isa ba, ko ka goce ko wani abu ya shiga hanya. Na'urar tana nuna lambobi biyu na sassan eriyarta, bai kamata su bambanta da fiye da dB 3 ko makamancin haka ba. Ka ɗaure kusoshin kana kallon allo, domin ɗaurin kansa yakan karkatar da faranti.

Gwajin gudu kada ka yi shi da shafin intanet, wannan layin kamfani yake aunawa. Ka sa kwamfuta a kowane ɓangare da waya, ka kunna manhajar auna gudu iperf3, ka auna tafiya, ka auna dawowa. Ka bar ping, gwajin da ke aika ɗan saƙo ya jira amsa, yana gudu awa guda, a gada mai lafiya amsa ba ta wuce milisakan kaɗan, kuma babu mai ɓacewa.

Daga nan ka rubuta komai a takarda: ranar, siginar ɓangarorin biyu, hayaniya, tasha, faɗinta, ƙarfin turawa, sakamakon iperf3, da hoton hanyar da ka ɗauka daga kan kowane rufi. Kwafi ɗaya a manna cikin akwatin suwic, kalmomin sirri kuma a ba shugaban wurin a rufaffiyar ambulan. Idan da rani ka yi aikin, ka sa a yarjejeniya cewa za ka dawo bayan ruwa na uku ko na huɗu ka sake aunawa, ka ƙara ɗaure kusoshi, ka duba ko ruwa ya shiga bakin waya, ka kwatanta ganyen da ke kan hanya da hoton da ka ɗauka.